Maganin 'yan boko da rufin da gara ta cinye

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin sito na bar kamfanin katakon da nake wa aiki. Waɗanda muka yi aiki tare sun san dalili, amma tunda labarin da ke yawo a kasuwar Panteka ta Kaduna daban ne, wai maganin da na kawo ne ya sa gara ta cinye wani rufi, bari in faɗi nawa.

Da aka ɗauke ni, yadda ake yi wa katako magani shi ne yadda kowa ya sani. A kwaso baƙin mai daga gareji, a tsiyaya masa Gamalin ko duk maganin ƙwarin da ya zo hannu, yaro ya ɗauki buroshi ya yi ta shafawa ba safar hannu. Ragowar a tuttular a bayan shago, ruwan sama ya ja shi zuwa kwata, daga nan sai kogin Kaduna. Sinadarin lindane da ke cikin Gamalin, tun 2009 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa shi a jerin gubar da za a daina amfani da ita, amma a shagonmu ba wanda abin ya dama. Ni na kawo borax da boric acid. Farin gari ne da ake narkawa a ruwan zafi, ba ya wari, ba ya hawa kai, kuma katakon da ya sha shi ya fi ƙarfin gara, da ƙwaron nan mai huda itace yana zubo gari, da funfunar da ke ruɓar da shi.

Sai dai yana da sharaɗi. Ɗanyen katako ake tsomawa, sabon yanka, sannan a jera shi manne da juna a lulluɓe da tamfol na wasu makonni, domin maganin danshi yake bi ya ratsa har ciki. Bayan haka a shanya a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi. In kuwa ruwan sama ya yi ta dukansa, wanke maganin zai yi. Na rufi ne da ƙofofin ciki da kujeru, ba na turken da za a kafa a ƙasa ba.

Ana tsakiyar Agusta, ruwa ba dare ba rana, Oga ya samo kwangilar rufin wasu ajujuwa. Katakon bai daɗe a ƙarƙashin tamfol ba ya ce a fito da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, bai gama sha ba." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, ni ba makaranta na buɗe ba. Masu ba da aikin baƙin katako suke son gani." Aka loda, aka jibge shi a ƙasa a wurin gini, ruwa ya yi ta dukansa, sannan aka bi shi da baƙin mai yana jiƙe sharkaf. Mai ba ya shiga jiƙaƙƙen itace, toshe danshin yake yi a ciki, kuma muddin danshin katako ya haura kashi 20 cikin 100, an buɗe wa ruɓa ƙofa. Ga shi farin katako ne, mai arha, wanda dama ƙwari ke rububi.

Damina ta biyu ba ta ƙare ba silin ya fara lotsawa. Da muka je, ga hanyoyin gara na jar ƙasa sun hau bango har sama. Na danna ɗan yatsa a jikin wani katako, ya shige kamar burodi, ciki duk laka. A gaban masu aikin Oga ya nuna ni ya ce maganin 'yan boko ne yaron nan ya kawo masa. Littafin sito, inda shi da kansa ya sa hannu aka fitar da kayan, sai aka wayi gari wai ya ɓace. Yaran da suka yi lodin suna tsaye, ba wanda ya ce uffan. Ban cika ganin laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Aka yanke mini albashi.

Ga wanda zai gaje ni: duk umarnin da aka ba ka da baki, ka sa a rubuta, ka ɗauki hoton takardar da wayarka kafin ta yi ƙafa. Man darbejiya yana korar ƙwari, amma ƙarfinsa na raguwa, sai an riƙa maimaitawa. Inda itace zai taɓa ƙasa, nemi mai tauri irin ƙirya, ka daina dogara da shafe-shafe. Magina na dā da suke rufi da azarar giginya sun san abin da suke yi. Kuma a tone surin da ke kusa da fili, a kwashe guntayen katako kafin a zuba daɓe.

Ƙofofi da bencinan da aka bar ni na yi musu magani yadda ya kamata suna nan a unguwanni, mai shakka ya je ya ƙwanƙwasa ya ji. Na ji an ce kwarmin da na gina na tsoma katako yanzu baƙin mai ake tarawa a ciki. Kuɗin da aka yanke mini kuwa har yau ba a biya ba.