Kafin a bar ni ni kaɗai a kan kanta

Da na shiga horon sayar da kayan noma, na ɗauka aikin bai wuce miƙa kaya da karɓar kuɗi ba. Makon farko ko kusa da kanta ba a bar ni na je ba. A sito nake yini. Malamin da ke koyar da mu ya ja ni gaban wani buhun yuriya da aka bari a ƙasa, ya sha danshi ya dunƙule kamar dutse, ya ce in taɓa. Tun ranar ban ƙara ajiye taki ba sai a kan katako, nesa da bango. Maganin feshi kuma ɗakinsa daban, ba ya kwana kusa da iri ko abincin dabbobi, kuma wanda ya riga shigowa shi ke riga fita.

Sai karatun jikin buhu. Lambobin nan uku na takin kamfa, 15-15-15, kason naitirojin ne da fosfet da fotash, a jere. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100. Wato buhu mai kilo 50 na yuriya yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, na kamfa kuma kilo 7 da rabi kacal. Da na gane wannan lissafi, na daina kallon buhu biyu a matsayin abu ɗaya don nauyinsu ya zo daidai.

Abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a wata na biyu. Wani dattijo ya shigo ya ce a ba shi maganin ciyawa. Hannuna har ya kai kan galan ɗin glyphosate, malam ya dafa ni, ya juya wurinsa.

"Baba, me aka shuka a gonar?"

"Masara ce, ɗan nan."

"Ta tsiro?"

"Ai har ta kai gwiwa."

Jikina ya yi sanyi. Glyphosate ba ya bambance ciyawa da shuka, duk koren da ya taɓa sai ya bi shi har saiwa. Da na miƙa masa, da noman shekara guda ya tafi ta hannuna, kuma shi bai yi laifin komai ba, abin da ya sani ya tambaya. Da yawa daga masu zuwa ba sa karanta rubutun jikin kwalba, maganar mai shago ita ce ta ƙarshe da za su ji kafin su cika injin feshi.

An koya mana launin da ke ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. An kuma hana mu tsiyaya wa kowa magani a robar abin sha, komai roƙonsa, domin yaro na iya ɗauka ya kurɓa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan a injin feshi, sannan a huda ta.

Yanzu in sabon iri ya iso, kafin in sayar da ko cokali, nakan ƙirga ƙwaya 100 in shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan mako guda in buɗe in ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su gamsar da ni ba, buhun ba ya hawa kanta.