Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hannun da Aka Ƙera a Ƙasar Sanyi

A makon jiya na tsaya ne a inda aka sanya ni cikin ayarin binciken da ya haɗa likitocinmu na Sakkwato da injiniyoyin wata jami'a ta Turai, domin gwada hannun roba mai aiki da lantarki a kan mutanenmu da suka rasa hannu, mafi yawansu ta dalilin injin niƙa, ko haɗarin babur, ko ɗorin gida da aka matse har hannun ya ruɓe. Baffa Maƙeri, Allah ya jiƙansa, yakan ce mai riƙe da awartaki shi ya san zafin ƙarfe, kuma ban san nauyin maganar ba sai da akwatunan hannayen suka iso.

Aikin hannun ba sihiri ba ne. Idan mutum ya yi niyyar damƙe abu, tsokar da ta rage a dungunsa takan fitar da ɗan lantarki mai rauni ƙwarai, sai wasu 'yan ƙarafa da ke manne da fata su tsinto shi, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ƙaramin inji ya buɗe yatsu ko ya rufe su. A ƙasar injiniyoyin ya yi aiki lafiya lau. A nan kuwa hunturu ya busar da fata har saƙon ya daina wucewa, ƙura ta shige gaɓoɓin yatsun, da bazara ta kama zafi ya haura digiri 40 sai gumi ya sa dungu yana zamewa a cikin gidansa, batir kuma ba ya kai la'asar. Babu wanda ya lissafa musu cewa mai hannun zai yi alwala sau biyar a yini.

Ni na ɗauki awon dungun na kai wa dukawa, suka yi masa shimfiɗa da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. Ni na fitar da batirin daga cikin hannun na mayar da shi jakar ɗamara, na kuma sa maɓalli guda da mutum zai cire hannun da kansa kafin ya ɗauki buta.

Ba na raina iliminsu. Tun 1985 aka yi amfani da mutum-mutumin inji mai suna PUMA wajen saita allura cikin ƙwaƙwalwa a Amurka, kuma a watan Satumba na 2001 likitan Faransa Jacques Marescaux yana zaune a birnin New York ya cire wa wata mata matsarmama ta hanyar mutum-mutumin inji, tana kwance a birnin Strasbourg na Faransa. Amma akwai wani tarihin da ba su cika ambata ba. Ƙafar Jaipur da aka fitar a Indiya a 1968 aikin likita P. K. Sethi ne tare da masassaƙi Ram Chandra Sharma, kuma ta karɓu ne domin an yi ta don mai tafiya ba takalmi, mai tsugunawa, mai shiga gona. Lambar yabo ta Magsaysay ta 1981, babbar lambar girmamawa a nahiyar Asiya, likitan aka bai wa. Na karanta wannan ne shekaru bayan namu ya faru, lokacin har na aurar da Hajara, kuma a ranar na sake tuna awartakin Baffa.

Da rahotonmu ya fito a mujalla, an jera sunayen masu binciken a sama, ni kuwa an gode mini a ƙarshe cikin jimla guda, a matsayin wanda ya taimaka wajen tara majinyata. Shimfiɗar fatar an kira ta gyaran da ayarin ya yi. Na shiga wurin shugaban sashenmu na ce, "Ranka ya daɗe, wane ayari ne ya zauna a rumfar dukawa?" Ya ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, su ne suka kawo kuɗin." Na ce Baffa bai ce mai gawayi ba, mai awartaki ya ce.

Da wa'adin tallafin ya ƙare, an kwashe kwamfutar da ake saita hannayen da ita, aka bar mana hannayen ba tare da kayan gyara ba. Yadda na yi da na farko da ya lalace, wanda wani yaro daga Wurno ya kawo mini, shi zan faɗa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.