Godiya ga waɗanda suka tsaya mana kan karatun ɗiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, kamar yadda da yawanku suka riga suka ji, sunan ɗiyarmu ya fito cikin waɗanda suka ci konkur, wato jarrabawar gasa, ta shiga Politeknik, makarantar injiniyoyi ta Yawunde. Tun ranar gidan nan bai rabu da mutane ba, wayata kuma ta cika da saƙonnin da har yanzu ban iya amsa rabinsu ba. Ku yi mini uzuri, wallahi jikin ne ya saki gaba ɗaya, sai yanzu gajiyar shekarun nan take fitowa.

Ba sai na maimaita muku abin da ya wuce ba. Kuna nan lokacin da Probatuwar, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, ta kayar da ita, ta koma ta maimaita aji, kuma kuna nan da ta sake zama ta haye da ƙyar, maki kaɗan sama da 10 bisa 20. A ƙasar nan kowa ya san Probatuwar ƙofa ce, in ba ka wuce ta ba babu zancen Bak, jarrabawar kammala sakandare. To wannan takardar makin ita ta zame mana ƙarfen ƙafa, domin tana cikin abin da ake haɗawa a dosiye, wato takardun neman shiga makarantar. Mutane da dama, wasu da kyakkyawar niyya, sun ce mana makarantar da tun 1971 take tace injiniyoyin Kamaru ba ta irin mai wannan maki ba ce, mu nemi wani wuri.

Abin da ba zan manta ba shi ne yammacin da na raka ta wurin malaminta na lissafi. Ya roƙe ni kada in ambace shi, amma Malam, ka yi haƙuri, duk wanda ɗansa ya yi Seri C, ɓangaren lissafi da fizik, a lise ɗin nan, wato sakandarensu, ya san wa nake nufi. Ta naɗe takardar nan ƙanana-ƙanana ta dunƙule a hannu, ta kasa miƙa masa don kunya. Ya karɓa, ya warware ta a kan gwiwarsa, ya shafe ta da tafin hannu har ta miƙe. Bai ce komai ba kan jimlar makin. Ya ɗora yatsa kan layin lissafi da na fizik, ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, ranar konkur waɗannan biyun za a tambaye ki, kuma ke za ki riƙe biro. Gobe bayan la'asar ki zo da littafinki." Ni da na je da niyyar jin ya ce mu haƙura, sai na tsinci kaina ina share hawaye da bakin mayafi.

Daga nan ya ɗauke ta, cikin zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ko zama a inuwa wahala ne. Tsofaffin takardun konkur na shekarun baya ya riƙa ba ta, yana sa mata agogo, ta gama ya gyara da jan biro. In wuta ta ɗauke su ci gaba da fitilar waya. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Na aika masa da ɗan abin da ya samu, ya dawo da shi ya ce a sayi tambarin dosiye, wato kan sarkin da ake manna wa takardun. Da Bak ta fito da maki sama da 12, shi ya fara kira na. Allah Ya saka maka da Aljannar Firdausi, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa yadda ka rufa mana asiri kai ma a rufa maka duniya da lahira.

Yaya babba, ke da kika sayar da tunkiyarki aka yi kuɗin takardu, ban da bakin gode miki. Matan adashinmu da suka bar mini kwasa alhali ba layina ba ne, Allah Ya buɗa muku. Liman da jama'ar masallacin unguwa da suka sa ta a addu'a, da maƙwabciyata da ta hana yaranta kunna rediyo da dare saboda mai karatu, duk na gode. Kawunta na unguwar Birkiteri a Yawunde kuma ya riga ya ce ɗaki na nan, har sefa 50,000 na rajistar shekara ya ɗauke mana. Allah Ya ƙara arziki, Kawu.

Akwai na jikinmu da tun faɗuwar farko ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, sai saƙon cewa a yi mata aure a huta. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ƙofa dai a buɗe take.

Yaran da suka zauna tare da ita sunansu bai fito ba, ina yi muku addu'a daga zuciyata, Allah Ya sa rabonku na gaba. Takardun da ta yi bita da su suna nan a ɗaure, da gyaran Malam a jiki. Mai bukata ya turo a karɓa kafin ta tafi. Mota za ta kai ta Ngaundere, daga can ta hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, kuma ba ta taɓa yin nisa da gida haka ba. Ku taya mu addu'a Allah Ya kai ta lafiya, Ya haɗa ta da abokai na gari.