Mayar da motar bashi kafin wa'adi a Birtaniya

Bayan na rasa aikin da nake zuwa da mota, kuɗin wata-wata na yarjejeniyar PCP (sayen mota bashi inda ake biya wata-wata, sannan a yi babban biya a ƙarshe idan ana son mallakarta) suka fi ƙarfina, sai na yi amfani da haƙƙin da sashe na 99 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ba ni, na rubuta wa kamfanin da ya ba ni bashin cewa na soke yarjejeniyar. Sashe na 100 ya taƙaita abin da ake bin mutum ga rabin jimillar kuɗin, amma jimillar ta haɗa da kuɗin ruwa da babban biyan ƙarshe, shi ya sa ba a kaiwa rabin da wuri. Sai da na cika giɓin.

Abin da ya dame ni shi ne takardar da ta biyo baya, wadda ke neman kuɗin mil da na yi da motar fiye da adadin da yarjejeniyar ta ƙayyade. Hujjarsu ita ce soke yarjejeniya ba ya shafe bashin da ya riga ya hau kan mutum. Ni kuma a ganina kula da mota yadda ya kamata doka ta ambata, ba yawan tafiya ba, kuma na mayar da ita lafiya, da hotuna a hannuna. Na shigar da ƙorafi a rubuce. Suna da mako 8 su ba da amsa, kuma idan ba ta gamsar da ni ba, zan kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, ofishin da ke warware saɓani tsakanin kamfanonin kuɗi da abokan cinikinsu, wanda ba ya karɓar ko sisi daga mai ƙorafi.