Kwana nawa kyamarar tsaro ke riƙe hoto?

Kusan duk mai saye da wannan tambayar yake fara mana magana, mu masu haɗa kyamarorin tsaro. Amsarta ba ta jikin kwalin na'ura, kuma duk wanda ya yanka maka kwanaki alhali bai ga wurin ba, bai san yawan kyamarorinka ba, shaci-faɗi ya yi. Mu da biro da takarda muke fara aiki.

Abin da ke cinye diski, ma'ajiyar hoton da ke cikin na'urar naɗi, shi ne bitret, wato yawan bayanan da kyamara ke tura wa na'urar naɗi a kowace daƙiƙa. Megabit 1 a daƙiƙa yana cin giga 10.8 a awa 24. Kyamarar 1080p (ma'aunin girman hoto ne) a tsarin matse bidiyo na H.264 takan so megabit 4 kafin hoto ya fito tangaram, kusan giga 43 ke nan a rana. Idan guda 8 ne, giga 346 kullum, a wata kuwa ya haura tera 10 (tera 1 giga 1000 ne). Saboda haka mai kyamara 8 da diskin tera 2 ko kwana 6 ba zai cika ba, na'ura za ta fara share tsohon hoto tana ɗora sabo.

Ana iya rage cin ba tare da an ɓata hoto ba. H.265, tsarin matse bidiyo da ya zo bayan H.264, yakan sauke shi zuwa kusan rabi, muddin kyamara da na'urar duk suna ɗaukarsa. Rage firam, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka, daga 25 zuwa 15 a daƙiƙa ya wadatar a yawancin wurare, amma a lura: idan an kulle bitret a CBR, wato saitin da ba ya hawa ba ya sauka, ko ka rage firam ba abin da zai ragu a diski, sai ka sauke bitret ɗin da hannunka. Saita na'ura ta yi naɗi sai in ta ga motsi kaɗai yana da amfani a sito ko a lungun da ba a cika bi ba. A ƙofar da ke kallon titi kuwa ba ma dogara da shi, don ganyen bishiya, ruwan sama da ƙwarin da ke bin hasken kyamara da dare duk motsi ne a wajen na'ura. Dare ma da nasa: hoton duhu yana da ɗigo-ɗigo, a VBR kuma, wato saitin da bitret ke hawa da sauka gwargwadon hoto, ɗigon nan sai ya ɗaga bitret. Shi ya sa muke ƙara kashi 20 cikin 100 a kan kowane lissafi. In ka ga diskin tera 1 ya nuna giga 931, ba a cuce ka ba, bambancin ƙidaya ne.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin araha. Su yi wa mutum alkawarin kwana 30 a ƙaramin diski, su shiga saiti su danne bitret zuwa megabit 1. Kwanakin kam za su cika, amma ranar da aka yi sata fuska ta dagule, lambar mota ba ta karantuwa. Wasu kuma tsohon diskin kwamfuta suke cusawa a matsayin sabo, wanda ba a ƙera shi don rubutu dare da rana ba. Mu diskin WD Purple ko Seagate SkyHawk, waɗanda aka ƙera don kyamarar tsaro, muke sakawa, mu buɗe bayanan SMART, wato rahoton da diski ke ajiyewa kan lafiyarsa, mai saye ya ga awannin da diskin ya yi aiki da idonsa. Masu ciniki ma da laifinsu, a kan diski suka fi neman ragi, alhali nan ne shaida take kwana.

Bayan mako guda da haɗawa mukan koma mu duba giga nawa aka ci a zahiri, mu raba da kwanakin, mu gwada da abin da ke takarda. In ya saɓa, a gyara saiti ko a ƙara diski, sannan mu rubuta ainihin kwanakin mu manna a jikin na'urar.