Tsadar inhela a Jos: shuɗiya ba ta maye gurbin ta kullum

Ni ke saya wa mahaifiyata maganin asma a nan Jos, kuma kamar kowane gida mai irin wannan lalura, inhela biyu, wato na'urar shaƙar magani ta baki, muke ajiyewa: shuɗiyar da ake ɗauka idan ƙirji ya toshe, da ta kullum wadda ake shaƙa safe da dare ko da lafiya ƙalau. Ta biyun ita ce mai cin aljihu. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kuma kamfanin GSK, mai yin Ventolin (shuɗiya) da Seretide (ta kullum), ya sanar da cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, ya bar wa dillalai rarraba kayansa. Abubuwa biyun suka haɗu, magani ya yi wuyar samu, inda aka same shi kuma kuɗinsa ya ninka sau uku ko fiye.

A wannan tsakani ne wani yaron kemis ya ba mu shawarar da har yau idan na tuna raina ke ɓaci. Ya ce, "Yaya, ai Hajiya ta samu sauƙi. Ku bar mai tsadar nan, ku riƙe shuɗiya kawai, idan abin ya taso ta fesa." Maganar ta shiga kunne domin kuɗin ta kullum ɗaya zai sayi shuɗiya da yawa. Makonni aka yi ba a ga komai ba, wannan kuwa shi ne tarkon. Shuɗiya, wato salbutamol, tana sassauta tsokokin da suka shaƙe hanyar iska ne kawai, cikin mintuna kaɗan, aikinta ya ƙare bayan awa huɗu zuwa shida. Kumburin da ke cikin hanyar iskar ba ta taɓa shi. Sinadarin da ke kwantar da kumburin yana cikin ta kullum, kuma idan aka daina shi ba a take ake ji ba, a hankali kumburin ke dawowa. Da hunturu ya kankama, sanyin Disamba ya sauko da ƙurarsa, Mama ta koma fesa shuɗiya sau da yawa a yini da tsakar dare. Ƙarshenta gadon asibiti, da iskar oksijin, da injin turara magani, da allurai. Abin da muka biya a wannan kwanciyar ya fi kuɗin inhelar watannin da muka ce mun yi tattali.

Likitan da ya sallame ta bai ɓoye ba. Ya ce tun 2019 masana ciwon asma na duniya suka daina amincewa a bar babban mutum a kan shuɗiya kaɗai, kuma duk wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara, alama ce ciwonsa bai kwanta ba, haɗarin tashinsa mai tsanani ya ƙaru. Mama ta kusa cinye gwangwani guda a wata. Wanda ke tsaye a kemis yana miƙa wa mutane magani ya kamata a ce ya san wannan.

Abin da nake yi yanzu shi ne lissafin feshi, ba kuɗin kwali ba. Ventolin feshi 200 ce, kowane ɗaya maikirogiram 100. Seretide ta feshi tana da 120, idan ana yin biyu da safe biyu da dare kwana 30 ke nan cif. Seretide mai kama da faifai, ta garin magani, tana da 60, ɗaya safe ɗaya dare, ita ma wata guda. Symbicort kuwa, ita ma ta kullum ce, akwai mai 60 akwai mai 120, kuma kwalayen sun yi kama. Sai a ce maka ga mai araha, ka je gida ka tarar rabin adadi ka sayo. Ka karanta lambar da ke jikin kwali, ka raba kuɗin da ita kafin ka zaro kuɗi. Ka duba ƙarfin kuma, domin Seretide mai 25/125 da mai 25/250 ba abu ɗaya ba ne.

Babban sauƙin da muka samu shi ne roƙon likita ya rubuta sunan sinadari maimakon sunan kamfani. Seretide haɗin salmeterol da fluticasone ce, Symbicort kuma budesonide da formoterol. Kamfanin Cipla na Indiya yana yin haɗin farko da sunan Seroflo, na biyu da sunan Foracort, salbutamol ɗinsa kuma Asthalin. Sinadari ɗaya ne, kuɗi bai kai ba. Amma sauyin ya bi ta hannun likita ko ƙwararren mai haɗa magani a famasi mai rajista, saboda wani lokaci na'urar ta bambanta, a miƙa maka ta ƙwayoyin gari da ake fasawa a ciki alhali mara lafiya ya saba da ta feshi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Magani mai tsada da wuyar samu shi ne masu jabu suka fi kai wa hari, don haka wanda aka ce ka zo bayan shago a ba ka a rabin kuɗi, ka bar musu abinsu. A tambayi likita kuma ko mai budesonide da formoterol za ta yi wa mara lafiyarka aiki biyu, ta kullum da ta gaggawa, domin ga masu asma da yawa ana yin hakan, sai ya zama inhela ɗaya ake saya. Masu ciwon toshewar huhu na tsufa, irin wanda taba ko hayaƙin itace ke jawowa, tsarinsu daban ne, galibi akan ba su tiotropium sau ɗaya a rana.

Sai ɓarnar da ake yi a cikin gida, wadda ban taɓa lura da ita ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Mama, fesa in gani." Mama ta danna, ta ja numfashi da sauri, hayaƙin ya fito ta gefen baki, saura ya zauna a harshe. Wato tsawon lokaci muna sayen magani da tsada yana ƙarewa a maƙogwaro. Yadda ake yi: a girgiza, a fitar da numfashi duka, a kama da leɓe sosai, a fara jan iska a hankali sannan a danna, a ci gaba da ja, a riƙe kamar daƙiƙa 10. A jira rabin minti kafin feshi na biyu, a sake girgizawa. Ta garin magani akasin haka ce, ana janta da ƙarfi da zurfi, kuma ba a hura numfashi a cikinta don danshi na dunƙule garin. Tsofaffi da yara ba sa iya haɗa dannawa da ja a lokaci ɗaya, shi ya sa ake sa bututun roba tsakanin inhela da baki, wanda ake kira sifesa. Idan ba a samu ba, robar lemo mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhela yadda iska ba za ta zurare ba, a shaƙa ta bakin robar, feshi ɗaya numfashi huɗu ko biyar. An gwada wannan a kan yara a Afirka ta Kudu, aka ga yana aiki. Bayan ta kullum a kurkure baki a zubar, in ba haka ba murya ta dishe, fararen ƙuraje su fito a harshe, mara lafiya ya ce maganin bai karɓe shi ba ya daina.

Akwai kuma shuɗiyar da ake jefarwa da magani a ciki. Ƙaramin ramin da feshi ke fita yakan toshe. Sau ɗaya a mako a zare gwangwanin ƙarfen, a wanke robar da ruwan ɗumi, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Gwangwanin kansa ba a sa shi a ruwa, kuma dabarar nan ta jefa shi a kofi a ga ko zai nitse ba abin dogaro ba ce. Ni takarda nake liƙa wa, in rubuta ranar da aka buɗe. A sanyin asubar Jos, idan gwangwani ya yi sanyi ƙarfin feshinsa na raguwa, a zare shi a dumama a tafin hannu na ɗan lokaci. Kada a kai shi kusa da wuta, kada a bar shi a mota da rana.

Da kuɗi ya yi wuya mutane kan koma ƙwayar salbutamol ko prednisolone don suna da araha. Ta farko tana sa rawar hannu da bugun zuciya, ta biyu idan aka daɗe a kanta ba da izinin likita ba tana tayar da suga da hawan jini, ta raunana ƙashi. Ita ma wannan shawarar daga irin bakin da ya ce mu bar ta kullum take fitowa.

Game da inshorar lafiya, dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022 ta wajabta ta ga kowa, a Filato kuma akwai PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya. Kafin ka dogara da ita ka tambayi asibitin da ka zaɓa ko inhelar da aka rubuta tana cikin jerinsu, kuma ko suna da ita a ƙasa.

Mun fitar da kaskon gawayi da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa daga ɗakin Mama, ta koma bargo biyu da gidan sauro. Ina sayen ta kullum ta gaba idan saura kamar feshi 30 a wadda ake amfani da ita, kuma tun Oktoba nake tanadin na watannin hunturu. Idan abin ya taso, feshi ɗaya ta sifesa duk bayan minti guda har zuwa 10. In ba ta iya ƙarasa magana ba, ko leɓe ya sauya launi, ko 10 ɗin ba su yi ba, mota muke nema zuwa asibiti ko ƙarfe nawa ne.