Kwalbar da Goggo ta saya jaka goma sha takwas

Goggona tana da ciwon suga yau shekara shida kenan, metformin take sha safe da yamma, ni nake sayo mata a farmasi nan Garwa duk ƙarshen wata. To bayan babbar sallah naje da kwalin kamar kullum sai tace min "ɗan nan riƙe kuɗinka, Allah ya kawo sauƙi." Ta shiga ɗaki ta fito da wata koriyar kwalba da hoton ganye da tutar Amurka a jiki, a mota ta saya ranar da take dawowa daga Ngaundere, irin masu tallan nan da suke tsayawa tsakiyar bas da jaka a kafaɗa su fara da addu'ar tafiya su ƙare da cinikin magani. Wai na itace ne zalla, yana wanke jini, yana maganin suga da hawan jini da sanyin ƙashi da basir har da rashin haihuwa. Jaka goma sha takwas. Kuma mutumin yace mata kar ta haɗa da na asibiti don wai kemikal zai kashe ƙarfinsa.

Nace Goggo anya? tace ai har odiyo ya tura mata ta WhatsApp, wata Hajiya tana kuka tana godiya ta warke. Wlh nayi shiru, kun san gardama da babba a gidanmu ba sauƙi, kuma wannan shirun nawa har yau yana damuna. Sati uku ba su cika ba ta fara shan ruwa kamar raƙumi, fitsari duk dare, ga jiri, ranar wata Laraba muka ɗauke ta sai asibiti, suga ya hau sosai, kwana biyu tayi ana mata ƙarin ruwa da allura.

A bakin gadon nan ne na ɗauko kwalbar na juya bayanta don zaman ya isheni. Rubutun da Ingilishi ne, mu kuma nan Faransanci muka yi a lekol, sai na ɗauki hoto na tura wa ɗan ƙanin babana da ke Yola. Ya kira yana dariya yana salati, yace can ƙasa da ƙananan haruffa kamfanin da kansa ya rubuta cewa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, bata tantance maganganun da ke jikin kwalbar ba, kuma ba a yi abin don gano cuta ko magance ta ko warkar da ita ko hana ta ba. Ashe a can tun dokar 1994 irin waɗannan ƙwayoyin ƙarin abinci ana lissafa su ne a gefen abinci, basa buƙatar amincewar hukumar kafin su shiga kasuwa, shi yasa doka ta tilasta musu wannan rubutun in sun yi da'awar amfani ga jiki. Wato wanda ya haɗa abin bai yarda yace magani bane, sai mai jaka a cikin bas ne yake rantsuwa da Allah.

Abin da ya fi tsaya min a rai shine wannan kalmar "na itace ne, ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba." Ni ma haka na ɗauka da. Amma zaƙami ma ai itace ne, kowa ya san abin da yake wa samari. Kuma ko bitamin ɗin da muke gani kamar alawa, a Finlan an gwada sinadarin nan beta-karotin da ke cikin karas a kan maza masu shan taba kusan 29,000 ana zaton zai kare su daga kansar huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha sun fi kamuwa da kusan kashi 18 cikin ɗari. Masana ne fa suka yi zaton, gwaji ya ƙaryata su. Haka Linus Pauling, mutumin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, a 1970 ya fitar da littafi yana cewa bitamin C mai yawa na hana mura, duniya ta ɗauka, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ga yawancin mutane baya hana ta, sai dai ya ɗan rage kwanakin. To in mai Nobel biyu zai zame, ina ga wanda ya ɗaura farar riga ya kunna kyamara yace shi dokta ne, ba sunan asibiti ba lambar rajista?

Kar wani ya fahimceni a baibai fa, ba cewa nake duk ƙarin abinci damfara bane. Jan ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki wajen awo, bitamin A da ake ɗiga wa yara daga wata shida zuwa shekara biyar, zink da ruwan gishiri da suga in yaro na zawo, gishiri mai aidin da ke hana maƙoƙo, duk waɗannan an gwada an gani. Amma ku lura kowanne aiki ɗaya ne aka ce yana yi, ga wanda zai sha, ga adadi, kuma ko kyauta ko araha. Ba wanda ya taɓa cewa ka jefar da maganinka saboda su.

Abin dariya, da na sa ɗan ƙanin baban nawa ya karanto min abin da ke ciki sai naji zogale da spirulina. Zogale dai gashi a bayan ɗakin Goggo awaki na miƙa wuya. Spirulina kuwa shine dihe ɗin nan da matan Kanembu suke kwasowa daga tafkunan kanwa a Kanem can Chadi, su shanya kan yashi ya bushe a sa a miya, abinci ne mai kyau don fiye da rabinsa furotin ne, amma su da suka gada kaka da kakanni miya suke yi dashi. An dai zuba mana kayanmu a roba an manna tuta.

Yanzu in odiyo ya shigo gurup ɗinmu na dangi, abu na farko da nake saurara shine ko a ƙarshe akwai lambar waya da farashi, sai in ƙirga cututtukan da aka lissafa, in sun wuce yatsun hannu ɗaya bana ƙarasa ji. In kuma naji "likitoci basa so ku sani" ko "ka bar na asibiti" to nan take nake kiran wanda ya turo, ko yayana ne, da ladabi dai. Kwalba kuwa kowace iri ce a kai wa mai farmasi na gaskiya ya duba, ba mai tebur a bakin kasuwa ba.

Goggo ta koma kan metformin ɗinta, tana kuma cin kwaɗon zogalenta da ƙuli kamar da. Lambar mutumin mun kira ya fi sau goma, a kashe. Kwalbar bata yar ba, ta zubar da ƙwayoyin ta wanke ta tana ajiye allura da zare a ciki, jiya ma da naje tace "ɗan nan ai murfin yana da kyau."